Mushe Ɗanasabe da Rabin Ɗan'uwa

Shekarar da aka turo Ɗanasabe koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Gidan Ɗantala, wani ƙauye da ke bayan Gangara, bai jira kowa ya tambaye shi ko shi wane ne ba. Ƙafarsa ɗaya na bisa kabu-kabun da ya kawo shi ya fara bayani. Ya ce shi ba irin malaman da aka saba jibge musu ba ne. Ya ce a Maradi ya yi horon malanta, kuma ya taɓa zuwa Yamai, inda wani Bature ya tare shi a bakin titi, ya ji Faransancinsa, ya tambaye shi ko a can ƙasarsu aka yanke masa cibi. Lokacin kaka ne, rana na dukan mutane suna ta ɗaurin dami a gonaki, shi kuwa yana cikin baƙar kwat, ya shaƙe wuyansa da karabat, gumi na bin bayan kunnensa.

Madam Rahina ce ke riƙe da lakol ɗin, mace mai ƙarancin magana wadda ta ga malamai iri-iri sun zo sun wuce. Ta ba shi 'yan aji uku, ajin da ke cikin rumfar zana. Ta buɗe masa littafi ta nuna masa inda aka tsaya: yadda yaro zai faɗi 'yan'uwansa da Faransanci.

"Kalma huɗu ce, Mushe," in ji ta, don haka ake kiran malami namiji a lakol. "Ɗan'uwa, 'yar'uwa, babba, ƙarami. In yaro ya iya cewa ina da wa, ina da ƙanwa, ka gama aikinka. Mai duba lakol zai zo daga Gazawa ƙarshen wata, abin da zai tambaya ke nan."

Ɗanasabe ya rufe littafin da yatsa ɗaya, kamar wanda ya taɓa ƙazanta.

"Madam, wannan ai aikin ƙananan malamai ne. Ni hanyata daban ce. Ran da mai duban nan zai zo, zai ga abin da bai taɓa gani ba tun daga Gazawa har Gidan Rumji. Kada ki yi mamaki in kin ji an kira ni Maradi, in zama mai koya wa malamai."

"Allah ya nuna mana," ta ce, ta koma ajinta.

Da kalmar 'yar'uwa ya fara, wadda ake rubutawa sœur. Ya zana ta a allo da manyan baƙaƙe, ya ce duk jihar Maradi mutum uku ne suka iya faɗinta daidai, biyun kuma sun rasu. Ya ce sirrin a leɓe yake: a turo baki gaba kamar mai hura wuta, a matse hanci, sannan a saki murya daga maƙoshi. Ya gwada musu. Abin da ya fito ya yi kama da kukan tunkiyar da aka taka wa ƙafa. Yara suka maimaita, ya ce bai yi ba. Suka sake, ya ce ya fi na farko muni. Ya hana su mayar da baki har aka tashi, ya kuma ce ko a gida su ci gaba da riƙe shi haka don leɓen ya saba.

Da azahar yara suka watsu cikin gari kowa da baki a ture. Wata tsohuwa ta ga jikanta ya shigo haka, ta kama shi ta murje masa muƙamuƙi da man shanu, ta ce iska ce ta buge shi a hanyar rijiya. Kafin la'asar iyaye mata sun jera yara a ƙofar gidan likita. Ma'aikacin ya duba bakin farko, ya duba na biyu, ya tambaye su ajinsu, ya kore su gaba ɗaya. Da labari ya kai kunnen Ɗanasabe sai ya gyara karabat, ya ce alamar nasara ce, don ilimi in ya shiga jiki dole ya nuna.

Washegari ya shiga batun ƙirga. Ya tsayar da wani yaro mai suna Fahad, ɗan gidan Lantana mai ƙuli-ƙuli, ya ce ya faɗi 'yan'uwansa nawa. Fahad ya fara jero sunaye yana lanƙwasa yatsu. Nasa suka ƙare, ya ari hannun na kusa da shi.

"Tsaya," in ji Ɗanasabe. "Duk waɗannan innarka ce ta haife su?"

"A'a, Mushe. Wasu na Baba Ƙarami ne, wasu na Gwaggo."

"To ba 'yan'uwanka ba ne."

"Kwano ɗaya muke ci, Mushe."

"Kaji ma kwano ɗaya suke ci. Zauna."

Nan ya baje musu iliminsa. Ya ce Faransanci harshen tsari ne, ba kamar Hausa ba da ke tattara kowa ta zuba a buhu guda. Wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne frère, cikakken ɗan'uwa. Wanda kuka haɗa uba kaɗai ko uwa kaɗai, shi ne demi-frère, wato rabin ɗan'uwa. Ɗan baffa da ɗan gwaggo da ɗan kawu kuwa cousin ne, wato mutumin da kuke gaisawa kawai. Harshen yaran bai kama demi ba, sai suka mayar da shi dami, suka fita da shi.

Ranar a gidaje da yawa ba a ci abinci lafiya ba. Wani yaro Sale, da wansa ya dawo daga gona ya ce ya tashi masa daga tabarma, sai ya matsa gefe ya bar masa rabinta, ya ce iyakar haƙƙinsa ke nan. Wata yarinya kuma da aka ce ta goya ɗan gwaggonta, ta durƙusa gaban jaririn ta ce masa ina wuni, ta wuce wasanta.

Da yamma Ɗanasabe ya biyo ta gindin bedin da maza ke zama kusa da masallaci, yana tafiya a hankali don a samu damar yaba masa. Chindo mahauci ne ya kira shi.

"Mushe, zo ka warware mini. Ni sana'ata rabawa. An ce ƙanena rabi ne. Tsaye aka raba shi ko kwance?"

"Wannan maganar ilimi ce, Chindo, ba ta wuƙa ba."

"Na yarda. To wane rabin ne nawa, mai noma ko mai cin tuwo? Don mai cin tuwon kullum ina ganin shi, mai noman ne ban taɓa gamuwa da shi ba."

Wani tsoho da ke jan carbi ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Mu dai da muka tashi, dami abin da aka tara aka ɗaure ne. Yau an ce mana rabi ne."

Aka yi ta dariya. Ɗanasabe ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce a Yamai da ya faɗi irin wannan bayani har tafi aka yi masa. Chindo ya ce su ma za su yi masa, su dai gama ɗinke 'ya'yansu tukuna.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ɗanasabe kuwa sai ya ba da aikin gida: kowane yaro ya je ya tambayi uwarsa 'ya'ya nawa ta haifa, wane ne na fari, mi sunansa. A garin da mace ba ta kama sunan ɗan farinta ko da rijiya ta ga zai faɗa, kuma ba a ƙirga 'ya'ya kamar awaki. Waɗanda suka yi sa'a an yi musu shiru. Sauran sun zo da safe suna sosa ƙeya. Da ya ga yara ba su kawo komai ba, sai ya ce zai yi binciken da kansa. Ya dinga zama wurin mai shayi yana jan tsofaffi masu surutu da hira, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. A nan ya tsinci labarin Rufaida.

Rufaida ajinsa take, benci ɗaya da Fahad, gida ɗaya. Uwarta Saliha ƙanwar Lantana ce, ta rasu yarinyar na cikin zanen goyo, uban kuma ya bi duniya. Lokacin Lantana na shayar da Fahad, sai ta haɗa su biyu ta shayar. Manyan gari duk sun sani, duk kuma sun kama bakinsu. Yarinyar ta tashi ba ta san wata uwa ba, yara 'yan'uwansu ma tagwaye suke ɗaukar su.

Da safe a aji Ɗanasabe ya ce wa zai gwada jimla. Rufaida ta ɗaga hannu ta miƙe.

"Fahad est mon frère," ta ce. Fahad ɗan'uwana ne.

Ita ce jimlar farko da ta fito daidai a ajin nan tun zuwansa. Ɗanasabe ya buga allo da sanda.

"Kuskure. Cousin za ki ce."

"Wana ne, Mushe."

"Ɗan yayar uwarki ne. Uwarki sunanta Saliha, ta rasu. Lantana riƙon ki take. Ku duba, yara, ga misali mai kyau na cousine."

Rufaida ta dubi Fahad, Fahad ya dubi ƙasa don shi ma bai sani ba. Ta ce a hankali, "Inna ce ta haife ni." Ya ce ta je ta tambaya. Ta fita ba ta ɗauki ko allonta ba.

Ba a jima ba sai ga Lantana. Daga kan tuya ta taso, hannuwanta duk mai. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a bakin rumfar har sai da ya fito, Madam Rahina ma ta fito daga nata ajin.

"Kai ne mai rabon ɗiyan mutane?"

"Ni ne Mushe Ɗanasabe. A lakol da bonjur ake farawa."

"Na baro ta gida. Wa ya aike ka?"

"Gaskiya na koyar. Ilimi ba ya ɓoye-ɓoye."

"Tun yarinyar nan ba ta san hannunta ba nake jiran ranar da hankalinta zai ɗauka, in zaunar da ita in gaya mata da bakina. Kai ko hanyar rijiyar garin nan ba ka gama sani ba."

"Ba ni na ce ba, Faransanci ne ya ce."

"To kira mini shi. In shi ya goya ta, shi ya yi jinyar ƙyandarta, sai in tattara kayanta in ba shi."

Ya buɗe baki zai kawo misali daga Yamai. Ta kama bakin karabat ɗinsa, ta goge hannun dama a hankali, ta goge na hagu, yatsa bayan yatsa, ta sake shi ta juya.

Madam Rahina ta ce, "Mushe, daga yau ka koma kan kalma huɗun nan. Ba shawara nake ba ka ba."

"Madam, duk wanda ya kawo sabon abu sai an tsangwame shi."

"Wanke karabat ɗinka da toka, man gyaɗa ba ya jin ruwa kaɗai."

A gida Lantana ta sami Rufaida a bayan rumbu. Ta zauna a ƙasa kusa da ita ta ba ta labarin Saliha tun daga farko, yadda take da dariya, yadda ta iya kitso, da yadda ta tafi. Yarinyar ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce, "To ni yanzu mi ce a gidan nan?"

"Ke ce wadda ba ta share tsakar gida ba tun safe. Tashi."

Ta tashi ta ɗauki tsintsiya. Ta koma lakol washegari, amma ba ta ƙara ɗaga hannu ba.

Ɗanasabe ya ce wa Madam to, amma a ransa ya riga ya ga kansa a buro, ofishin manya, a Maradi, da fanka bisa kansa. Ana jibi mai duba zai zo, ya raɗa wa yara cewa ranar kowa ya zo da 'yan'uwansa kaf, cikakku da rabi da na gaisuwa, kada a bar ko ɗaya. Ya bi shaguna ya tattaro kwalayen sabulu, ya yayyanka, ya rubuta FRÈRE a wasu, DEMI a wasu, COUSIN a sauran, ya ɗaura musu igiya ta ratayawa a wuya.

Ranar da safe Madam Rahina ta iso ta tarar da filin lakol ya cika kamar ranar kasuwar Gangara. Ga masu rarrafe, ga 'yan mata da aka aurar sun zo da nasu goyon, ga samari masu kiwo da suka taho da awakinsu don ba wanda za su bar wa. Iyaye ma sun biyo baya, sun jeru a jikin danga su ga abin da ya rage bai yi ba. A tsakiyar fili Ɗanasabe ya zana manyan da'irori uku da toka. Kafin ta ce komai motar buro ta tsaya, Mushe Abdurrahaman mai duba lakol ya sauko, dattijo mai furfura da tabarau. Aka kawo masa kujera a inuwa.

Ɗanasabe ya yi jawabin maraba mai tsawo, wanda rabinsa tarihin kansa ne. Sannan ya hura usur, ya ce cikakku su shiga da'irar farko, rabi ta biyu, 'yan gaisuwa ta uku.

Nan ne abin da bai taɓa tunani ba ya fito. Sale ya ɗaga hannu.

"Mushe, ni da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma ni da Yaya dami ne. Ina zan tsaya?"

Ɗanasabe ya nuna ƙasa da sanda. "Sa ƙafa ɗaya nan, ɗaya can."

"Ga kuma ɗan baffana."

"Dafa ta ukun da hannu."

Sale ya ware ƙafafu ya duƙa ya dafa ƙasa. Sai kowane yaro ya gane shi ma haka lamarinsa yake, don ba wanda ba cikakke ba ne ga wani, rabi ga wani, ɗan gaisuwa ga wani. Nan da nan fili ya koma yara a warwatse, wannan ya tale, wancan ya kifa, wani ya rataya kwali uku a wuya yana kuka. Masu rarrafe suka bi tokar suna ci. Awaki suka ji ƙanshin sabulu a kwalaye, suka shiga tsakani suna fizga. Wani bunsuru ya kama DEMI a wuyan wata yarinya ya ja ta har bakin danga.

Mushe Abdurrahaman ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce da Hausa, "Mushe, darasin motsa jiki ne na tarar?"

"Hanyata ce, ranka ya daɗe. Ni na ƙirƙiro ta. Ba a taɓa yin ta ko'ina ba."

"Na ga alama."

Ya nuna wasu yara biyu masu kama ɗaya da suka riƙe hannun juna a gefe. "Waɗancan tagwayen fa, yaya ake ce musu da Faransanci?"

Ɗanasabe bai ko ƙifta ido ba. "Dubul firar. Ɗan'uwa ninki biyu."

"Jumeaux ake cewa."

"A Gazawa ke nan, ranka ya daɗe. A Yamai an daina."

Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Idonsa ya faɗa kan da'ira ta uku, inda aka tsayar da Rufaida da kwalin COUSIN a wuya, kanta a sunkuye. Fahad ya bar inda aka ajiye shi ya je ya tsaya kusa da ita, Ɗanasabe kuma ya kamo hannunsa yana jan shi baya.

"Sake shi," in ji Lantana daga jikin danga. Ta juya ga baƙon. "Ranka ya daɗe, yaran nan biyu nono ɗaya suka sha, nawa. Ko aure ba ya halatta tsakaninsu. Wanga mutum ya ce gaisawa kawai ke tsakaninsu."

Mushe Abdurrahaman ya dubi Ɗanasabe. "Ka san sœur de lait?"

"Sosai ma. Sati mai zuwa na shirya koyar da ita. Lait nono, sœur 'yar'uwa. Wato 'yar'uwa mai tallan nono, irin waccan."

Ya nuna wata Bafillatana mai suna Halima da ta ajiye ƙwaryarta a gindin danga tana kallon ikon Allah.

"Ni ban haɗa komai da kai ba," in ji Halima, ta ja ƙwaryarta gefe.

Mai duba ya jira dariya ta lafa. Ya bayyana wa mutane cewa kalmar na nufin 'yar'uwa ta shayarwa, kuma Faransawan ma 'yar'uwa suke kiranta, ba su rage mata komai ba. Ya kira Rufaida, ya cire mata kwalin da hannunsa ya yar, ya ce ta gaya masa wane ne wannan yaron. Ta ɗaga kai ta ce, "Fahad est mon frère." Ya ce daidai ne, babu abin gyarawa. Lantana ta ja bakin mayafinta ta share hanci.

Ɗanasabe ya ga Maradi na nisa da shi. Ya ce a ransa bari ya fito da babbar kalma ya rufe bakin kowa, ya kuma faranta wa shugabarsa a lokaci guda.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Akwai kalmar da na tanada wadda ba kowane malami ya sani ba: belle-sœur. Misali Madam Rahina, ita belle-sœur ɗita ce."

Mijin Madam Rahina na wurin, Malam Habibullahi dillalin shanu, ƙato mai faɗin kafaɗa. Mai duba ya san shi, sai ya juya gare shi. "Ashe, Malam, ƙanenka ne?"

"Ban san shi ba."

"A'a, ba haka ba," in ji Ɗanasabe yana murmushin wanda ya fi kowa sani. "Belle kyakkyawa, sœur 'yar'uwa. Kyakkyawar 'yar'uwata ke nan. Kullum in na gan ta haka nake kiranta a raina."

Har awakin sai da suka yi kamar sun saurara. Madam Rahina ta rufe ido. Mai duba ya ce a hankali, "Matar wa ko matar ƙane ake nufi, Mushe." Amma ba wanda ke jin sa, don Malam Habibullahi ya riga ya miƙe, yana naɗe hannun riga ba gaggawa.

"Kullum, ka ce?"

"Malam, maganar nahawu ce."

"Zo nan kusa ka yi mini nahawun."

Ɗanasabe ya fara ja da baya yana bayani. Ya taka Sale da ke tale har yanzu don ba wanda ya ce ya tashi, ya yi tuntuɓe da bunsuru, ya kai hannu ya cafki dirkar rumfar ajinsa. Dirkar ta biyo shi. Zana da kara da allon duk suka sauko masa a ka, ba abin da ake gani sai takalmansa masu tsini suna motsi. Malam Habibullahi ya tsaya ya dube su, ya ga babu abin da zai ƙara, ya sauke hannun rigarsa ya koma ya zauna.

Chindo mahauci ne ya jawo shi ta ƙafa. Ya fito fari fat da toka, kara a gashinsa. Mai duba ya miƙe ya ce lallai Mushe Ɗanasabe zai je Maradi, amma benci zai koma ya zauna a sake koya masa daga farko. Ya ce Madam ta haɗa 'yan aji uku da nata kafin a turo wani. Ya yi sallama da mutane ya shiga mota.

Mutane ba su watse ba, don Lantana ba ta gama ba.

"Mushe, tambaya ɗaya. Tun zuwanka gidajen garin nan ke aika maka da tuwo bi da bi, don mun ce ɗan'uwa ya zo mana. To a cikin da'irorin nan naka, kai wacce ce taka a wurinmu?"

Ya dubi tokar da ƙafafu suka riga suka watsa. Ya ce wannan tambaya ce mai zurfi, tana bukatar nazari.

"Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya, ba nono," in ji ta, ta juya ga mata. "Ko rabi bai kai ba. Kowa ta riƙe tuwonta."

Haka kuwa aka yi. Kwanakin da ya ƙara a garin, biskit da ruwan randa ya rayu a kai. In ya wuce ana gaishe shi da kyau, a tambaye shi gajiya, a tambaye shi aiki, ba mai cewa bismilla. Ya gaya wa mai shayi cewa dama shi ya nemi a ɗauke shi, don ƙauyen bai kai matsayin hanyarsa ba tukuna. Mai shayi ya ce haka ne, ya ci gaba da fifita wutarsa.

Ranar kasuwar Gangara ya fito da akwatinsa ya tsaya a bakin hanya, cikin kwat, rana na tsakiya. Kabu-kabu bai biyo ba. Can sai ga Jaye mai amalanke ya taho da buhunan gero, akwai wuri a baya wanda zai ɗauki mutum biyu ma. Ɗanasabe ya ɗaga hannu yana fara'a.

"Ɗan'uwa, rage mini hanya mana."

Jaye ya ja linzamin jakinsa ya tsaya. Ya dube shi tun daga takalmi har karabat.

"Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

Ɗanasabe ya gyara karabat. Jaye ya jira shi daidai gwargwado, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kaɗa jakinsa. Mushe ya ɗora akwati a ka ya bi sawun amalanken da ƙafa.